Takardar Harajin Inna

Talata, 21 ga Janairu, bayan La'asar

Sabon littafi. Malam Yashim, wanda ya koya mana karatu a makarantar dare a Tudun Wadar Kaduna, ya ce duk wanda ya buɗe sabon littafi ya fara da faɗin ko shi wane ne, ko da shi kaɗai zai karanta. To, ni ne Sabo tela. Ina zaune a garin Bowie, nan ƙasar Turawa, a gidan ɗana Nasir. Sai da na haura talatin na koyi riƙe alƙalami, ga shi yau jikata tana jami'a a garin College Park, nan kusa da mu.

Alhamdu lillahi. Sakamakonta ya fito, sunanta yana cikin na gaba-gaba. Radiyya aka raɗa mata, amma ba na kiran sunan, na mahaifiyata ne. Inna nake ce mata. Ta nuna mini a waya, na sa ta karanta mini, sannan na karɓa na bi da yatsa na karanta da kaina. Na buga Kaduna na gaya wa duk wanda ya ɗaga. Har maƙwabcinmu da ke kwashe ƙanƙara a ƙofar gidansa na tare shi da ɗan Turancina, ya ajiye shebur ya tafa mini.

Kuma ba karatu kaɗai ba. Tun dogon hutun bara take aiki a ɗakin karatu na jami'ar. Albashinta na farko nan ta kawo shi, ta durƙusa ta ajiye a gabana na sa albarka, yadda ake yi a gida. Agogon da ke hannuna daga cikinsa ya fito. Ni ta fara kawo wa. Ina so wannan ya zauna a rubuce: ni ta fara kawo wa.

Yau muna shan shayi ta ce gwamnati tana riƙe da kuɗinta. Wai da hutu ta yi aiki safe zuwa yamma, sai aka riƙa yanke mata haraji kamar haka za ta ɗauka duk shekara, alhali da aka koma karatu 'yan awoyi kawai take yi. In ta cike takardu za a mayar mata. Na yi dariya har na ƙware.

Na ce, "Inna, a duniyar nan? Gwamnati ta karɓa kuma ta mayar?"

Ta ce, "Wallahi, Kaka. W-2 kawai nake jira."

Wata takarda ce da wurin aikinta zai aiko ta gidan waya, mai nuna abin da ta samu da abin da aka yanke. Na ce ai ni ne mai ɗauko wasiƙun gidan nan, ranar da ta zo zan miƙa mata da hannuna.

Uwarta Hannatu ba ta sauko cin abinci ba. Kanta ke ciwo, in ji Nasir.

Alhamis, 23 ga Janairu, da hantsi

An yi magana da ƙarfi a sama, a ɗakin su Nasir. Na ƙara muryar rediyo. Abin da na ji ba na littafi ba ne.

Asabar, 25 ga Janairu, bayan Azahar

Hannatu ta tafi gidan mahaifinta a garin Largo da akwatuna. Ta durƙusa ta gaishe ni a bakin ƙofa, ta ce, "Baba, kwana biyu ne." Na ce Allah ya kiyaye hanya. Nasir yana gareji yana neman abin da bai ɓata ba.

Inna ta bi ta. Akwai dalili mai kyau. Jibi za a koma karatu, uwar ce ke sauke ta a makaranta kan hanyarta ta zuwa asibitin da take aiki, Nasir kuwa tun asuba yake fita. Jaka ɗaya ta ɗauka. Na hau na duba ɗakinta. Littattafanta suna nan. Bargon da na haɗa mata da ƙyallayen atamfa yana kan gado. Da tafiyar gaske ce da ta ɗauke shi, ba ta iya barci sai da shi.

Za ta dawo ɗakinta. Abin da nake roƙo ke nan.

Litinin, 27 ga Janairu, bayan La'asar

Na haɗa shayi kofi biyu, da citta, kamar kullum. Na shanye duka.

Laraba, 29 ga Janairu, bayan Magariba

Ta kira. Lafiya lau take, ta tambayi gwiwata. Sai ta ce, "Kaka Largo ya ce shi zai taya ni da harajin."

Alhaji Maitama ke nan, mahaifin Hannatu. Akanta ne, ya yi ritaya, ya daɗe a ƙasar nan har gashinsa a nan ya yi fari. Yana da mota. Yana da tabarau mai igiya. Yana da ɗaki guda a gidansa wanda babu komai ciki sai takardu. Mutumin kirki ne. Kowa ya san mutumin kirki ne. Tun tana ƙarama take ce masa Kaka Largo, ni kuwa Kaka kawai, don na gida ba a faɗin garinsa.

Wai da kallo ɗaya ya gano takardar da ta cike ranar da ta kama aiki ma ba daidai take ba, ya ce ta je ofishinsu ta gyara don a daina yanke mata fiye da ƙima. Ta ce, "Ya san komai, Kaka, komai!"

Na ce ma sha Allah.

Komai.

Juma'a, 31 ga Janairu, bayan La'asar

Takardar ta zo. Farar ambulan mai taga, sunanta na leƙowa, da adireshin gidan nan a ƙasa. Na tsaya cikin sanyi a gaban akwatin wasiƙu na karanta. Bowie. Su ma wurin aikinta sun san inda gidanta yake.

Na ɗauki waya zan kira ta, sai na tsaya. In na kira, uwarta za ta biyo ta karɓa a bakin ƙofa ba tare da ta kashe mota ba, a kai Largo, a baje a kan teburin Alhaji. In ban kira ba, Inna za ta zo nema da ƙafarta. Za ta cire takalmi. Za ta zauna. Kuma duk sanin Alhaji, ba zai iya komai ba sai da wannan takarda, ita da bakinta ta faɗa.

Na ce zan miƙa mata da hannuna. Ban ce zan aika ba.

Na sa ta a gwangwanin biskit, tare da takardar shaidata ta makarantar dare. Wuri ne mai tsabta.

Asabar, 1 ga Fabrairu, da yamma

Ba ta zo ba. Tana da aiki.

Litinin, 3 ga Fabrairu, bayan La'asar

"Kaka, takardata ta zo?"

Na ce, "Zan duba, Inna. Ki zo mu duba tare mana."

Ta ce karatu ya yi mata yawa, sai ƙarshen mako in Allah ya so. A bayanta na ji dariyar Alhaji, na ji cokali yana buga kofi. Shayi suke sha. A lokacinmu. Ko yana sa citta? Ba na jin yana sawa. Waɗanda suka daɗe a nan ganyen jaka suke tsomawa a ruwan zafi su ce sun yi shayi.

Ban yi ƙarya ba. Na ce zan duba, na kuma duba. Tana nan.

Laraba, 5 ga Fabrairu, bayan Magariba

Nasir ya dawo da wuri yau, yana cin burodi a tsaye kamar baƙo a tasha. Na sa shi ya zauna. Na ce ya fahimtar da ni wannan haraji da kowa ke magana a kai, ni ma ina da kai.

Ya ce kowace shekara shi da Hannatu takarda ɗaya suke cikewa. Bana kowa tasa zai cike. Ban tambayi dalili ba. Sai ya ce saura maganar Radiyya, tunda ɗaliba ce a ƙarƙashin iyaye, dole ɗayansu ya rubuta sunanta a cikin tasa, kuma ɗaya kawai. In biyu suka rubuta, za a dawo da takardar.

Na ce, "Wato gwamnati tana tambaya ta wa ce?"

Ya ce, "Baba, lissafi ne kawai. Ba ya hana ta zama 'yar kowa."

Haka yaran nan suke cewa. Ni na ga abin da rubutu yake yi. Na ga mutum ya rasa shago a kasuwa don sunan wani ne a takarda, alhali kowa ya san nasa ne. Abin da ya kai ni makarantar dare ke nan da gemuna. In aka rubuta ta a Largo bana, baɗi ma a Largo za a rubuta ta. Kuma alƙalamin yana hannun wa?

Asabar, 8 ga Fabrairu, da yamma

Na yi dambun shinkafa. Ba ta zo ba. Nasir ya ci kaɗan.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, bayan Azahar

Hannatu ta kira Nasir. Ban saurara ba, amma gidajen ƙasar nan bangonsu kwali ne. Abokan aikin Inna duk sun samu tasu takardar tun makon jiya. Hannatu ta ce shi ya riƙe ta, don ya tilasta a bar masa sunan yarinya a takardarsa.

Na ji yana cewa, "Wallahi ban gan ta ba! Wallahi tallahi!" Ya rantse, kuma gaskiya ya rantse a kai.

Ya sauko ya birkice gidan. Ya zazzage kwandon tsofaffin jaridu, ya ja kujeru, ya fita ya cusa hannu cikin akwatin wasiƙu har kafaɗa. Sannan ya zo ya tsaya a kaina.

"Baba, ba ka ga wata ambulan da sunan Radiyya ba?"

Na ce idona ba kamar da ba ne.

Wannan ma gaskiya ne.

Litinin, 10 ga Fabrairu, da safe

Takardar tana inda take.

Laraba, 12 ga Fabrairu, bayan La'asar

Ni na kira ta. Muryarta a daskare. Na ce yaushe za ta zo mu duba takardar, ta ce ba sai an duba ba. Kaka Largo ya nuna mata akwai ta a kwamfuta, wurin aikinta suna ajiyewa a can, suka sauko da ita, jiya suka cike komai suka tura. Ta kuma je ofis ta gyara waccan da ta cike ranar kama aiki.

Ashe akwai ta a kwamfuta.

Na zauna a bakin gado da wayar a kunne. Ta ce, "Kaka, ban taɓa zaton Baba zai yi mini haka ba. Faɗansu ne, me ya sa ni a ciki? Ba na son zuwa gidan yanzu." Na buɗe baki. Sai wani ya yi mata magana daga nesa, ta ɗan janye wayar ta ce, "Ina zuwa, ina magana da Kaka Bowie."

Kaka Bowie.

Ban ji sauran abin da ta faɗa ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, da hantsi

Na buɗe gwangwanin. Ambulan ɗin tana nan fes, ko lanƙwasa babu. Ba ta da amfanin komai yanzu, ko gyaɗa ba za a ƙulla a ciki ba. Amma ta raba 'ya da uba.

Kaka Bowie. Kamar sunan tashar jirgi.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, bayan La'asar

Yaron da ke rage mini hanya daga masallaci bai zo ba, sai ga Alhaji Maitama a wurin takalma. Muka gaisa da hannu biyu, ya tambayi gwiwa, na tambayi hawan jini. Ya ce sai ya kai ni gida. Na ce ba hanyarsa ba ce. Ya ce mota ba ta gajiya.

Motarsa tana ƙamshin turare, kujerar kuma tana ɗumama mutum daga ƙasa. Ban nuna na ji daɗi ba.

Duk hanya jikarmu, jikarmu. Jikarmu ta gyara masa waya. Jikarmu ta fi shi saurin lissafi. Na ce ai a gidanmu ta gado. Ya yi dariya ya ce babu shakka.

Da muka tsaya a danja sai ya ce, yana kallon gaba, "Malam Sabo, Nasir yaushe yake dawowa daga aiki?"

Na ce sai duhu.

"Mai kawo wasiƙu fa?"

Na ce bayan Azahar.

Danja ta ba da hannu. Ya ja mota. Muka wuce gidan mai, muka wuce makarantar yara.

Can ya ce, "Yarinyar ba ta ɗaga wayar ubanta." Ya gyara tabarau. "Ni ban ce komai ba, ba kuma zan ce ba. Ba nawa ba ne."

Da zagina ya yi da na san abin da zan yi da shi. Amma mutumin nan ko rufin asirinsa a goge yake kamar rigarsa.

A ƙofar gida, ina ƙoƙarin sauka, ya riƙe hannun rigata. Ya ce, "Don Allah in tambaye ka. Wai shayina ruwan wanke kofi ne, in ji ta. Citta nawa kake sawa?"

Na ce da ido ake sawa.

Na shiga gida ina jin wani abu mai daɗi a ƙirji, har na tuna da gwangwanin.

Asabar, 15 ga Fabrairu, da safe

Ruwan wanke kofi. Ita ta faɗa.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, bayan Azahar

Na ajiye ambulan ɗin a gaban Nasir a kan teburin cin abinci. Ya dube ta, ya dubi kwanan watan da ke jiki, ya dube ni. Ya ce, "Baba."  Tun yana yaro ban ga idonsa ya yi haka ba.

Daga baya ya ce in bari, zai ce a bayan ma'ajiyar takalma ya tsince ta. Na ce ba wanda zai yarda, kuma ya isa haka da rantsuwa a kan abin da bai yi ba.

Na kira Inna. Na faɗa mata ni na ɓoye takardar. Yadda na faɗa ba na littafi ba ne.

 Sai ta fara Turanci da sauri, abin da ba ta taɓa yi mini ba. Ban kama duka ba. Na kama tambayar da take ta maimaitawa: me ya sa? Ta kashe.

Talata, 18 ga Fabrairu, bayan La'asar

Kofi ɗaya.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, bayan Magariba

Ta kira ubanta. Na ji shi a sama yana magana a hankali, har ya yi 'yar dariya. Sun daɗe. Alhamdu lillahi, abin da nake so ke nan. Abin da nake so ke nan.

Ya sauko yana murmushi. Na jira ya miƙo mini wayar. Ya sa ta a aljihu.

Yanzu har ɗan cikina zan riƙa yi wa wannan kallo? A'uzu billahi.

Asabar, 22 ga Fabrairu, da hantsi

Na fito da keken ɗinki na sa masa mai. Babu abin ɗinkawa. Na rage tsawon wandon Nasir wanda bai ce a rage ba.

A Largo yanzu ana karyawa. Wataƙila Alhaji ya sayo citta. Zai zuba da yawa, na sani, masu lissafi ba su da hannu.

Laraba, 26 ga Fabrairu, bayan Azahar

Hannatu ta zo lokacin da ta san Nasir ba ya nan. Ta gaishe ni yadda ta saba, har ƙasa. Ba ta ambaci takarda ba, ni ma ban ambata ba. Ta kawo mini dabino da gero, tunda azumi ya ƙarato. Yarinyar kirki ce. Ban san yadda aka yi aka zo nan ba, ko kuma na sani.

Ta kwashe sauran kayanta na sanyi da babbar tukunya. Ta hau ɗakin Inna ta sauko da littattafai cikin kwali.

Da motar ta tafi na hau da gwiwata. Bargon yana nan.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, bayan Magariba

Wannan kam sai na rubuta.

Bayan La'asar na ji mota a ƙofa. Alhaji Maitama ne, Inna a gefensa. Ta shigo, ta cire takalmi. Ta rame kaɗan. Ba ta rungume ni ba. Ta durƙusa ta ajiye wayarta a kan darduma a gabana, fuskar wayar tana haske.

"Sun mayar, Kaka. Yau da safe ya shiga. Sa albarka."

Ashe da gaske gwamnati tana mayarwa. Na ɗora hannu a kan waya kamar wawa, na yi addu'a. Da na gama na kasa riƙe bakina. Na ce, "An sa albarkar a Largo?"

Ta ce, "Kaka, kada ka fara."

Alhaji daga kujera ya ce, "Ni direba ne kawai. Ta hana ni ko gani sai an zo nan."

Na ji kamar in tashi in taka rawa da gwiwar nan tawa. Na ce bari in ɗora shayi. Ta ce in zauna tukuna, tana da magana, kuma gara mu biyu muna wuri ɗaya.

Ta samu ɗaki a College Park, kusa da makaranta. Wata Sailuba ce, 'yar Damagaram, mai karatun haɗa magunguna, abokiyar zamanta ta tashi. Kuɗin da aka mayar shi ne na kama ɗakin, na wata-wata kuma aikinta zai biya, tunda yanzu an daina yanke mata da yawa. Ta gaya wa uwarta da ubanta jiya, sun je sun ga Sailuba kowa da lokacinsa, sun yarda.

Ta ce, da Hausarta mai tuntuɓe, "Na gaji. Mama tana tambaya ni ta wa ce, Baba yana tambaya. Har gwamnati tana tambaya. Kai kuma, Kaka, ka sa ni a gwangwani."

Nasir ya gaya mata har gwangwanin.

Na juya na dubi Alhaji. Tabaransa ya zame yana lilo a igiya. Bai sani ba. Wallahi bai sani ba. Mutumin da ya san komai. Shi da hannunsa ya zauna ya ciro mata kuɗin da za ta bar gidansa da su, ya kuma gyara mata takardar da za ta riƙa biyan haya.

Allah ya yafe mini, na ji sanyi a raina.

Sanyin bai daɗe ba. Ta hau sama, ta sauko da bargon a naɗe a hammata.

Na haɗa shayi kofi uku. Alhaji ya tsaya a bayana yana leƙen hannuna, na juya masa baya.

An ga wata. Gobe azumi.

Asabar, 1 ga Maris, da hantsi

Na hau na duba. Gado babu komai. Wanda ya rubuta sunanta a takardarsa cikin iyayen, ban tambaya ba. Ko wa ya rubuta, ba a gidansa za ta kwana ba.

Lahadi, 2 ga Maris, bayan shan ruwa

Alhaji ya zo ya ɗauke ni muka je ganin ɗakin. Ba ni da wata hanyar zuwa sai motarsa, kuma shi ma ya san haka. Na zauna a gaba. Na ce ya kunna abin ɗumama kujerar.

Hawa na biyu ne. Ɗakin ƙarami, amma da haske. Sailuba ta gaishe mu da ladabi, ta ce mana Baba duka biyu. Bargon yana kan gado. Alhaji ya zagaya yana duba makullin ƙofa da abin kashe gobara, ya nemi takardar haya ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, yana gyaɗa kai. Ni taga na duba. Babba ce, tana kallon titi, babu komai a jikinta sai wata farar robar rufe taga mai karyayyun haƙora.

Na ce, "Inna, a haka za ki kwana, duk mai wucewa yana ganin fitilarki?"

Ta ce za ta saya a kanti.

Na ce ba a gidanmu ba. Na zaro tef ɗin awo daga aljihu. Tun shekaranjiya yake aljihun, ban san dalili ba. Na ce, "Alhaji, riƙe nan." Ya riƙe. Na ce sama kaɗan. Ya ɗaga. Na ce ya yi yawa. Ya sauke. Inna ta zauna a bakin gado tana dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ku biyun nan, Allah ya shirye ku." Tun Janairu ban ji wannan dariyar ba.

Da za mu tafi ta kama hannuna ta sa mini makulli a tafi. Ta ce, "Na ɗakina ne. Duk Juma'a bayan masallaci. Ka zo da citta." Sannan ta rage murya. "Kuma in takarda ta zo, Kaka?"

Na ce zan kira kafin in rufe akwatin.

Na riƙe makullin nan har muka sauka, ina jin sa kamar garwashi mai daɗi. A mota Alhaji ya zaro makullansa zai tayar, sai na ga wani sabo fil yana lilo a cikinsu, irin nawa sak. Ya ga na gani.  Ya gyara tabarau.

To. Makulli na mu biyu ne, motar tasa ce, lissafin ma na bar masa.

Na yanka yadin labulen tun kafin a kira Magariba, shuɗi mai ƙananan furanni, da shafi biyu saboda sanyi. Labule dai nawa ne. Shi za ta rufe in za ta kwanta, shi kuma za ta fara taɓawa in gari ya waye.